Daminar da Muka Yi a Ƙarƙashin Tamfol

Tun shekaranjiya ake ruwa a Jos, irin ruwan nan namu da ba ya zuwa da hayaniya, sai dai ya samu wuri ya zauna. Ɗakina yana yoyo wuri biyu. Na sa daro a ɗaya, na sa tsohon bokitin fenti a ɗayan, na jawo kujera tsakaninsu. 'Ya'yana sun ce bana za su sake min rufi. Sun buɗe guruf a waya, sun raba aiki: babbansu zai sayi kwanon rufi, Nura zai kawo katako da kafinta. Maryam, autata, ita ke karanta min abin da suke rubutawa. Aikinta ke nan a ofis, tsara ayyuka da bin diddiginsu, har kwas ta je ta yi a kai. Ta ce kowa ya turo hoton babban yatsa, kuma ranar Asabar kafinta zai zo ya yaye tsohon rufin.

Na ce, "Kwanon fa?"

Ta ce, "Ai wannan na Yaya ne."

"Kin tambaye shi?"

Ta yi dariya. "Umma, a ofis ni ce mai tambayar kowa ina aka kwana, ko oga ba na ƙyalewa. Amma Yaya? Tunda ya ce zai kawo, ai zai kawo."

Ta koma danna wayarta, ni kuma na ci gaba da kallon ɗigon da ke faɗawa cikin daro.

Ban cika shekara ashirin ba lokacin da aka yi waccan daminar da ɗigon nan ke tuna min. Gidanmu a unguwar Congo-Russia yake, ginin jar ƙasa tun zamanin haƙar kuza: zaure a gaba, sai ɗakuna biyu a jere ƙarƙashin rufi ɗaya, na Baba da na Inna. Ni nake kwana da Inna, keken ɗinkina yana bakin taga. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa tsaye cikin ruwa yana wankin kuza, kuma abin da ya taso da shi daga aikin nan tari ne. Da rani tarin yakan lafa. Da damina kuwa sai a kula da shi, a haɗa masa kaskon wuta, a rufe shi da bargo biyu. Duk gidan mun san ƙirjin Baba ba ya son danshi.

Azumin shekarar ya faɗo tsakiyar damina. Ana saura 'yan kwanaki a ga wata, iska ta ɗaga gefen rufin da ke kan ɗakin Baba. Kwanon da ma ya gama cin tsatsa, in ka danna shi da yatsa sai ya hude. Baffa Haruna, ƙanen Baba, ya zo daga ƙauyensu da ke can hanyar Bauchi, ya duba, ya ce faci ba zai yi ba, sai dai a sake gaba ɗaya. Ya tara yayyena biyu a zaure, ina daga bakin ƙofa ina jinsu. Ya ce wa Yaya Babba, "Kai ne babba, kwano naka ne." Ya ce wa Yaya Sale, "Kai kuma katako da kafinta." Ya ce aikin kwana biyu ne ko uku in kowa ya tsaya. Da suka tashi, Baffa ya raka Yaya Babba har bakin titi suna magana su biyu.

Yaya Babba ɗan fari ne, kuma a gidanmu ana kunyar ɗan fari sosai. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo gaisuwa sai ta tuna tana da aiki a madafi. Baba ma gaisuwa ce kawai tsakaninsu, daga zaure, Yaya a durƙushe, Baba yana kallon wani wuri. Tun da ya girma bai taɓa shiga ɗakin Baba ba. Duk maganar da za ta wuce tsakaninsa da su, Baffa ne ke ɗauka ya kai ya kawo. Mu ƙanne kuwa ba ma tambayar Yaya dalilin komai. Direba ne a tashar Titin Bauchi, yana zaune da iyalinsa a wata unguwa, mutum mai kaifin magana idan ransa ya ɓaci. Shekara ɗaya kafin nan ya yi wa Yaya Sale faɗa a gaban mutane kan sakaci, har suka daɗe ba sa ga maciji, da ƙyar Baffa ya shirya su.

Wataƙila shi ya sa Yaya Sale ya ɗauki nasa aikin da zafi. Ruwa ya ɗan ɗauke, rana ta fito fes, sai ga shi da kafinta da amalanken katako. Kafin la'asar sun yaye rufin tas, har kan ɗakin Inna. Maƙwabta suka kwashe ragowar tsohon kwanon suka yi wa awakinsu rumfa da shi. Washegari da jibinsa aka buga sabon katako, fari ƙal, yana ƙamshi. Yaya Sale ya aro tamfol na babbar mota, aka shimfiɗa a kai, aka sauko da shi har ya rufe kan bangon, aka danne da duwatsu. Ya ce, "Na kwana ɗaya ne, kafin kwanon Yaya ya iso." Baffa kuwa ya riga ya koma ƙauye, ciyawa tana neman cinye masa gona.

Aka ga wata. Ruwa ya dawo.

Rayuwa a ƙarƙashin tamfol tana da nata tsarin, kuma mun koye shi da sauri. In an yi sahur an yi sallah, gari ya fara haske, sai in ɗauki taɓarya in shiga ɗakin Baba. Tamfol ɗin yakan tara ruwa ya yi ciki tsakanin katako da katako, ya sauko kamar zai taɓa kan mutum. Sai in tokare shi da taɓarya a hankali in tura ruwan ya gangara baya. In na yi gaggawa, ya kwararo ta kan bango ya shigo. Daga nan in kwashe daro da robobi in zubar, in mayar. In rana ta leƙo, mu fito da katifa da barguna mu baza a igiya, ido yana sama, domin ranar Jos ta damina ba ta alkawari. Sau da yawa kafin bargo ya ji ɗumi mun kwashe shi a guje.

Itace ba ya bushewa. Inna takan durƙusa gaban murhu tana hurawa har idonta ya yi ja, hayaƙi ya cika gidan, wutar ta kama kamar ba ta so. Ashana ta daina kamawa, sai Inna ta koma ɗaure ta a cikin ɗankwalinta don ɗumin kai ya tsare ta. Gishiri ya zama ruwa a cikin kwalba. Kayan akwati suka yi fumfuna, keken ɗinkina ya fara tsatsa a ƙafa, na rufe shi da leda na daina ɗinki. Komai ka taɓa a gidan nan sanyi ne da danshi, har tabarmar sallah.

Azumin sanyi ba ƙishirwa ke damun mutum ba, yunwa ce. Tun hantsi take farawa, ta zauna a ciki, ta sa gwiwoyi rawa. Abinci ma ya yi wuya a lokacin, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, dankalin kasuwa rabinsa ruɓaɓɓe. Gwaten acca da yakuwa muke yi kusan kullum, sai kunu, sai ƙosai in an samu wake. Inna takan zuba wa Baba mai kauri daga ƙasan tukunya, ta ƙara wa namu ruwa.

Kullum dab da magariba Yaya Babba yakan zo. Bai taɓa fashi ba, ko da ana tsuga ruwa, kuma bai taɓa zuwa hannu rabbana ba: yau burodi, gobe lemo, wata ran 'yar tsokar nama a takarda. Ya tsaya a bakin zaure ya ɗaga kai ya kalli tamfol, ya ce, "Sannunku da ruwa." Mu ce, "Yauwa, Yaya." Ya zauna da Yaya Sale, in kai musu kunu.

"Sale, yaya aiki?"

"Da godiya, Yaya."

"To madalla."

Shi ke nan. Su sha ruwa, su yi sallah, su yi hirar tasha da tsadar taya, ya aiko ni in gaida Baba, ya tafi. In na shiga, Baba yakan tambayi Inna yana kallon bango, "Yaron nan ya zo?"

"Ya zo."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce a gaishe ka."

Baba ya gyaɗa kai ya ja bargo.

Da aka kwana biyu na tare Yaya Sale a tsakar gida, na ce, "Yaya Sale, wai kwanon nan fa?" Ya dube ni kamar na zage shi. Ya rage murya ya ce, "Motarsa tana gareji tun watan jiya, ke ba ki sani ba? Mutumin da ke ta fama, in je in tambaye shi abin da ba shi da shi? So kike in tozarta shi? In ya samu zai kawo." Na je wurin Inna. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Rufe min baki. Shi bai ga ruwan ba ne?" Daga ranar ban sake tambayar kowa ba, na koma ga taɓaryata.

An yi ƙoƙarin fitar da Baba daga ɗakin. Maƙwabcinmu ya ce ga ɗakin samarinsa, Baba ya ce bai kai shekarun da zai kori yaran mutane daga shimfiɗarsu ba. Zaure kuwa ƙofarsa a buɗe take ga titi, iska ta fi ta ɗaki. Baba ya ce ai kwana ɗaya ne ko biyu. Kullum haka yake cewa, kuma ina jin ba don ya yarda ba ne, don kada a ce ɗansa ya gaza ne.

A goman tsakiya aka yi ƙanƙara. Da azahar gari ya yi baƙi, sai muka ji kamar ana watsa tsakuwa. Tsakar gida ta yi fari, yaran unguwa suna tsinta suna ihu. Bayan ta wuce muka ga ta hudo tamfol wuri-wuri. Daga ranar ruwan ya daina taruwa kawai, ya koma ɗiga ko'ina. Kan bangon ya jiƙe ya fara narkewa, jar ƙasa tana gangarowa layi-layi har bayan gadon Baba. Muka ja gadon tsakiyar ɗaki. Na kafa masa lema a kan fuska, na jera robobi a gefen ƙafafunsa. Haka yake kwance yana jan carbi, robobi suna amsa wa juna.

Tarin ya canza murya. Da daga maƙogwaro yake fitowa, yanzu ya koma can ƙasa, in ya fara sai ya dafe haƙarƙari. Zazzaɓi ya biyo baya. Ranar da liman ya zo ya ce masa ya ajiye azumi, Baba ya karɓi kofin kunu da rana tsaka, ya sha, hawaye yana bin gemunsa. Na tsaya ina kallonsa ban ji komai ba. Na lura dai robar da ke gefen ƙafarsa ta dama ta kusa cika, na ɗauke na zubar. A kwanakin nan haka na zama. Hannuna yana aiki, ƙafata tana tafiya, amma cikina shiru, sai sanyi.

A goman ƙarshe, wata safiya, Baba ya kasa tashi zaune. Numfashinsa yana fita da ƙara. Inna ta fito ta ce wa Yaya Sale, tana kallon ƙasa, "Je ka kira yayanka." Ba a daɗe ba sai ga Yaya Babba da motar abokinsa. Ba lokacin kunya ba ne, ya cire takalmi ya shige ɗakin Baba kai tsaye. Ya sunkuya ya tallabo shi da bargonsa. Da ya miƙe, ɗigon ruwa ya faɗo masa a goshi, sai ya ɗaga kai.

Katako ne a jere a ƙarƙashin tamfol, daga bango zuwa bango, an buga an gama, har ya fara baƙi saboda ruwa.

Ya daɗe yana kallo, Baba a hannunsa. Ya ce, "Sale."

"Na'am, Yaya."

"Yaushe aka gama katakon nan?"

"Tun kafin a ga wata, Yaya."

Yaya Babba ya sauke kai. Ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Kwanon yana shago tun ranar da Baffa ya raba aiki. Cewa ya yi kada in kawo, ba wurin ajiya, sai ya aiko min an gama katako. Na ɗauka kai ne ba ka samu ba. Na ce ba zan sake matsa maka ba."

Inna tana tsaye a bakin ƙofa da butar da ta ɗebo, ba ta ajiye ba. Ba wanda ya yi salati, ba wanda ya yi kuka. Ruwa yana ta ɗiga a robobi. Sai Baba, idonsa a rufe, ya ce, "Ku yi a hankali da ƙofar, ta kumbura." Suka fita da shi.

Washegari aka kawo kwanon. Mai shagon da kansa ya rako amalanken, wani Inyamuri da ake kira Baban Ngozi, yana sayar da kayan gini a Titin Bauchi, tafiyar da ko gumi ba za ka yi ba daga gidanmu. Ya tsaya a tsakar gida ya kalli tamfol, ya kalli bango, ya riƙe baki. Ya ce, "Kai! Kullum ina tambaya shi, oga direba, yaushe za ka ɗauka kaya naka, ya cika min shago. Ya ce ba a gama katako ba. Ashe tsoho yana cikin ruwa? Sori-o, Mama. Sori." Inna ta ce, "Ba komai. Sannu da ɗawainiya."

Kafinta ya hau da hantsi. Kafin la'asar ya sauko ya wanke hannu. Na share ɗakin Baba, na kwashe robobin na jera a madafi, na haɗa kaskon wuta na sa a tsakiya don bangon ya sha iska. Ɗakin ya bushe, ya yi ɗumi, na gyara gadon na mayar da shi jikin bango inda yake da.

Baba ya rasu a asibiti ana jibi Sallah. A ɗakin aka kawo shi aka yi masa wanka. Ana cikin yi ruwa ya sauko da ƙarfi, sabon kwano ya ɗauki ƙara har mai magana ba ya jin kansa, kuma ko ɗigo ɗaya bai shigo ba. Wannan ce kaɗai kwanciyar da ya yi a ƙarƙashinsa.

Baffa ya iso bayan an dawo daga maƙabarta, da taɓo har gwiwa. Da ya ji yadda aka yi, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Na ɗauka za ku faɗa wa juna. Ba uwarku ɗaya ba?" Kwanan Baba ne ya ƙare, haka kowa ya ce, haka ni ma na ce, kuma na yarda. Yayyena sun ci gaba da zumuncinsu har suka tsufa, sun aurar da 'ya'yan juna, ban taɓa jin ɗayansu ya ɗauko maganar ba. Ni ma na jira kukan ya zo min bayan Sallah, bayan arba'in, bayan aurena, bai zo ba. Abin da ya rage min kawai, in damina ta yi nisa gwiwoyina sukan yi sanyi, ko da ina kusa da wuta.

Da na haifi ɗana na fari aka sa masa sunan Baba. Kunya ta zama biyu. Kowa yana ce masa Abba, ni ko wannan ba na iya faɗa, sai dai "yaron nan". Yanzu ya haura arba'in, da furfura a gemunsa, kuma duk abin da nake so daga gare shi ta bakin Maryam nake aikawa, ko da yana zaune a gabana. Haka na ga an yi, haka na yi, bai taɓa damuna ba.

Yau Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci ya biyo ya gaishe ni, da ledar ayaba a hannunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana karkaɗe ruwa daga hularsa, ya kalli daro, ya kalli bokiti, ya ce, "Umma, sannu da ruwa."

Maryam ta ɗago tana jira in ba ta saƙo.

Na ce, "Isiyaku."

Ya waiwaya bayansa, ya ga ba kowa. Ya juyo ya dube ni. Wayar Maryam ta zame daga cinyarta.

"Ni, Umma?"

"Kai. Ina kwanon yake?"

Ya durƙusa a inda yake, ya ajiye ledar. Ya sosa ƙeya. "Ai... na ba da oda tun tuni. Sun ce irin wanda nake so ya yanke, mai kaurin. Wai sai sati na sama, ko na bayansa, in mota ta shigo."

"Gobe kafinta zai yaye ɗakin nan."

"Na gani a guruf. Na ce ko Allah zai sa ya iso kafin nan."

"Wa ka faɗa wa?"

Ya kalli tabarma. Can ya ce, "Ba wanda ya tambaye ni, Umma."

Na ce ya kira Nura yanzu, a gabana, ya ce masa ba mai cire ƙusa ɗaya daga rufin nan sai na ga kwano a tsakar gidan nan na dafa shi da hannuna. Ya ciro waya. Maryam tana kallona baki buɗe. Na zaci zan ji kunya, ko sauƙi, ko wani abu dai. Sanyin gwiwar nan kawai na ji.

Darona ya cika. Na tashi na kai shi bakin kwata na zubar, na dawo na mayar da shi daidai inda ruwan ke ɗiga.